'Yata, Ki Karanta Tsakiyar Littafin

'Ya'yana mata da kuke tasowa a Mile 2 da Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, da ku 'ya'yana maza da wata rana za ku aika neman aurensu, ina so mu yi magana a kan wani tsohon littafi da kuma yadda ake karanta shi. Littafin shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990. Ya girmi yawancinku, amma shi da ire-irensa ba su daina yawo a hannun 'yan mata ba, jiya a takarda, yau a waya. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne irin abin da mai karatu kan fito da shi idan ta rufe littafi irin wannan. Sau da yawa abu biyu ne ke zama a ranta: daɗin ranar da waɗanda suka raina yarinyar cikin labarin suka ga ta zama wata, da kuma addu'ar nan da kuke yi wa juna cikin raha, wato Allah Ya kawo mijin littafi. Babu laifi mutum ya ji daɗin ƙarshen labari, kuma babu laifi budurwa ta roƙi Allah miji nagari. Damuwata ita ce tsakiyar littafin, inda amfaninsa yake, ita ce ake wucewa da sauri, kamar mai tsince naman miya ya ture tuwon.

Bari mu tuna labarin. Abu yarinya ce 'yar ƙauye mai son karatu, aka cire ta daga makaranta tana ƙarama. Saurayin da aka sa ran zai aure ta, wanda shi ya samu ilimin boko, ya juya mata baya saboda ba ta yi karatu ba, alhali ba ita ta cire kanta ba. Aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijon da ya isa ya haife ta, ta sha azabar da ba za ta iya ɗauka ba, ta gudu Kano wurin wata mai matsayin uwa a danginta. A can ta koma karatu, ta yi ta hawa mataki bayan mataki har ta zama ma'aikaciyar jinya. To, ki dubi labarin nan da kyau, 'yata. Wane namiji ne ya fitar da Abu daga halin da ta shiga? Maza biyun da suka fara shiga rayuwarta, ɗaya ya ƙi ta, ɗaya ya cuce ta. Abin da ya ɗaga ta shi ne shekarun da ta yi tana zaman aji, tana haddace abin da ƙannenta suka riga ta sani, tana rubuta jarrabawa. Marubuciya na iya tattara waɗannan shekaru a 'yan shafuka, domin mai karatu ba zai jure a ba shi labarin kowace safiya ba. Rayuwa kuwa ba ta taƙaita wa kowa. Wadda take son ƙarshen Abu sai ta yi zaman da Abu ta yi, rana bayan rana, don kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Hujjar farko da ke nuna cewa wannan ne saƙon littafin ita ce rayuwar wadda ta rubuta shi. Hajiya Balaraba ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad ce, shugaban ƙasar da aka kashe a nan Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976, wanda filin jirgin saman Ikeja, kusa da Agege, yake ɗauke da sunansa. Duk da gidan da ta fito, an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana 'yar shekara 13. Da ta tsaya ga sunan yayanta, da yau sai dai a ambace ta a matsayin ƙanwar wane. Ta nemi ilimi bayan an ce lokacinsa ya wuce mata, ta kama alƙalami da harshen da take da shi, wato Hausa, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi, har mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba suka san sunanta. Matar da ta bi wannan hanya da ƙafarta ba za ta zauna ta rubuta littafi don ta koya wa 'yan mata zaman jiran attajiri ba. Kafin ita ma, Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, a lokacin da ba a saba ganin sunan mace a bangon ƙagaggen labarin Hausa ba. Waɗannan iyaye naku sun rubuta soyayya, amma su kansu da aiki aka san su.

Hujja ta biyu tana bakin ƙofarku. Kowa ya san yadda abinci yake shiga gidajen Hausawan Legas: wani direban tirela ne ko tankar mai da ke bin layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, wani yana sayar da tumatir da albasa a Mile 12, wani yana harkar dabbobi a mayankar Oko-Oba, wani ɗan canji ne, wani mai gadi, wani ɗan acaɓa. Duk sana'o'i ne na halal, amma kusan kowace cikinsu rana ɗaya tana iya tsayawa. A ranar 1 ga Yuni, 2022, gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Apapa da Ikeja da Surulere, kuma da yawa daga cikin waɗanda dokar ta shafa 'yan Arewa ne. Magidanci mai ƙaunar matarsa da gaske ya wayi gari babu abin hawan da yake ci da iyali da shi, mai gida kuma ba ya ɗaga ƙafa a kan kuɗin haya. A irin wannan rana so yana nan daram, amma ba ya ɗora tukunya. Gidan da matar take da keken ɗinki, ko take kitso da lalle, ko take dafa abincin sayarwa, ko take da albashin koyarwa, yakan samu abin riƙewa kafin maigida ya farfaɗo. Hajiya Balaraba ta nuna wannan a Alhaki Kuykuyo Ne, inda Rabi, uwar 'ya'ya tara, da mijinta Alhaji Abdu ya kore ta bayan ya yi amarya, ta riƙe 'ya'yanta da sayar da abinci. Duk wanda ya ratsa tashoshin mota na Mile 2 da safe ya ga irin Rabi da idonsa, zaune gaban tukwane. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma wannan magana ta shafi mace kamar yadda ta shafi namiji.

Na san akwai iyaye da malamai da za su ce ai tushen matsalar shi ne littattafan kansu, su ne ke cusa wa yara dogon buri da raina na gida. Wannan ƙorafi ya daɗe, har ya kai ga an ƙona littattafan soyayya a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ba zan ce ƙorafin ba shi da tushe ba. Akwai rubuce-rubuce, musamman cikin waɗanda ake watsawa a waya yanzu ba tare da wani ya duba ba, da babu komai cikinsu sai lissafin motoci da gidaje da tafiya Dubai, wasu kuma har da batsa. Yarinyar da ta sha irin wannan kullum tana iya raina saurayi mai sayar da goro a Agege don bai yi kama da Alhajin cikin labari ba. Amma adalci ya hana a haɗa mai gyara da mai ɓarna a hukunci ɗaya. Littafin da ya nuna illar cire yarinya daga makaranta da yi mata auren dole yana faɗin abin da malamanmu suka faɗa tun da daɗewa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke koyar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke ɗaukar karatu su kai wa matan karkara. Maganin mugun karatu shi ne a koya wa yaro zaɓe da tunani. Idan aka ƙwace littafin daga hannunta aka bar ta da waya, ba a rufe wata ƙofa ba.

Wani kuma zai ce littafin yana koya wa yarinya bijire wa iyaye, tun da Abu guduwa ta yi. A nan ina so ki saurare ni da kyau, 'yata, domin wuri ne mai santsi. Addininmu bai yarda a aurar da mace ga wanda take ƙi ba, kuma ya tabbata a Sahihul Buhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u bint Khizam da mahaifinta ya ɗaura mata ba da sonta ba. Saboda haka kukan Abu kuka ne na gaskiya. Amma ki lura da inda ta nufa da ta fita: gidan dangi ta je, hannun babba ta faɗa, kuma abin da ta nema a can shi ne makaranta. Ba ta bi saurayi ba. Legas kuwa ba ta da tausayin yarinyar da ta bar gida ba ta da wurin zuwa, kuma mai yi miki alkawari a waya ba shi ne zai tsaya miki ranar da abu ya ɓaci ba. Idan aka matsa miki a kan abin da zuciyarki ta ƙi, akwai gwaggo da inna da kawu, akwai malamar Islamiyya da limamin unguwa, akwai fadar Sarkin Hausawa, waɗanda duk iyaye ke jin nauyinsu. Ki kai kukanki inda za a share miki hawaye mutuncinki yana tare da ke. Yawancin iyayen da ke gaggawar aurar da 'ya tsoro ne ke tura su, tsoron garin da suke gani da idonsu. Yarinyar da ta nuna kamun kai, ana ganin fitarta da dawowarta a kan lokaci, ana ganin sakamakon jarrabawarta, ita ce ke rage wannan tsoro har uba ya ce a bar ta ta ƙarasa.

Akwai ƙorafi na uku, wanda daga bakinku matasa yake fitowa, cewa labari labari ne, a zahiri ga masu digiri nan suna yawo babu aiki, don me za a sha wahalar karatu. Gaskiya ne takardar shaida ba ta ba kowa tabbacin albashi a Nijeriyar yau. Amma ku duba abin da karatu yake yi wa mace tun kafin a zo maganar albashi. Ita ce za ta karanta takardar magani kafin ta ba jaririnta, ta fahimci yarjejeniyar haya kafin a sa hannu, ta duba littafin makarantar ɗanta, ta riƙe lissafin cinikinta, ta san haƙƙinta na gado da na aure yadda shari'a ta tsara. Sannan akwai guraben da al'ummarmu ke matuƙar buƙatar 'ya'yanta a cikinsu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas yana Idi-Araba, maƙwabcin unguwar Hausawa, kuma yana da makarantar koyon aikin jinya. Ku yi tunanin Bahaushiya da aka kawo tana naƙuda, ba ta jin Yarbanci ba ta jin Turanci, tana jin kunyar namiji, irin sanyin da za ta ji idan nas ta sunkuyo ta yi mata sannu da Hausa. Jami'ar Jihar Legas, wadda aka kafa a 1983, tana Ojo, a kan hanyar Badagry ɗin nan da ta ratsa Mile 2. Abu sai da ta bar ƙauyensu ta je Kano kafin ta ga makarantar da za ta karɓe ta, ke kuwa makarantun suna kan hanyar da kike bi zuwa kasuwa. Kuma kin tashi da harsuna biyu ko uku a bakinki, abin da 'yar'uwarki ta Katsina ko Maraɗi sai ta sha wuya kafin ta samu.

Sai dai ina jan kunnenki a kan niyya. Daɗin ramuwar nan da mai karatu ke ji a ƙarshen labari yana iya zama guba idan ya koma dalilin karatu. Wadda ta shiga makaranta don wane ya yi nadama, ranar da wanen ya daina kallonta ƙarfinta ya ƙare. Wadda kuma ta yi karatu don farashinta ya tashi a wurin masu neman aure, da an ɗaura auren sai ta jefa takardun ƙarƙashin akwati. Ki nemi ilimi don Allah Ya wajabta nemansa, don ki amfani kanki da 'ya'yanki da mutanenki. Kuma ki tuna saurayin da ya ƙi Abu yana da boko, abin da ya rasa shi ne tausayi da sanin ya kamata. Kada ki sha wahalar karatu ki fito da halinsa. Mahaifiyarki da ba ta taɓa zaman aji ba, wadda da kuɗin ƙosai ko na kunu ta biya miki kuɗin jarrabawa, ta san abubuwa game da mutane da zaman duniya da babu su a manhajar kowace makaranta. Ranar da kika fara jin kunyar Hausarta a gaban ƙawayenki, ko kika fara gyara mata magana cikin mutane, ilimin bai amfane ki ba tukuna.

Game da soyayya kuwa, ba na cikin masu ce muku ku kashe zuciyarku. So halitta ce, aure sunna ne, kuma karatu da aure ba abokan gaba ba ne, mata da yawa sun haɗa su sun kuma yi nasara. Abin da nake roƙo shi ne ki auna mai sonki da ma'aunin da ya fi mota da kayan lefe. Ki tambaye shi ra'ayinsa a kan karatunki da sana'arki tun yana zuwa zance, ki saurari amsarsa, ki kuma dubi yadda yake riƙe da ƙannensa mata, domin a nan gaskiyarsa take. Idan ya ce ya yarda ki ci gaba, kada maganar ta tsaya tsakaninku a ƙofar gida. A faɗe ta gaban waliyyai kafin ɗaurin aure, manya su shaida, don alkawarin da aka yi cikin zaƙin zance yakan narke idan hidimar gida ta taso, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mijin littafi marubuciya ce ta ƙera shi yadda take so. Mijin da za ki zauna da shi ɗan Adam ne mai gajiya da fushi da ranar babu, kuma zama da shi zai fi miki sauƙi idan kin shigo gidansa da abin da za ki taimaka, kuna ɗaukar kayan tare.

Kai kuma ɗana, kada ka ce littafin mata ne babu ruwanka. Maza biyu na cikin labarin nan suna nan da rai a cikinmu: mai ilimin da ke raina wadda ba ta samu dama ba, da mai hali da ke ganin kuɗinsa sun ba shi ikon ɗaukar yarinyar da ba ta son sa. Ka guji zama ɗayansu. Idan kana son matarka ta kasance mai ilimi, to ka fara da ƙanwarka da ke gida yanzu, wadda ake turawa talla a bakin titi lokacin da sa'o'inta ke aji. Kuɗin katin waya da kake ƙonawa a wata yana iya saya mata littattafai. Idan kuma Allah Ya haɗa ka da wadda karatunta ya yanke, gemu ba ya hana ilimi, zama matar aure ma haka. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya tun 1980 saboda irin waɗannan, kuma akwai azuzuwan manya da Islamiyyun matan aure a unguwanninmu na nan. Namijin da ya kai matarsa makaranta da hannunsa bai rage komai daga girmansa ba, 'ya'yansa ne za su fara cin ribar.

Saboda haka, 'ya'yana, ku ci gaba da karatu, amma ku karanta da ido biyu. Duk littafin da kika ɗauka, idan kin kai ƙarshe ki tambayi kanki me yarinyar cikinsa ta yi da hannunta, shekara nawa ta ɗauka, wa ya riƙe ta, me ta rasa a hanya. Idan amsar ita ce ba ta yi komai ba sai kyau da kuka har attajiri ya zo, kin sha nishaɗi, ki ajiye shi a nan, kada ki gina rayuwarki a kansa. Wadda kuma Allah Ya ba baiwar rubutu, ta sani rayuwar Hausawan Legas tana jiran mai ba da labarinta, kuma tun 2016 Sashen Hausa na BBC yake shirya gasar Hikayata domin mata marubuta. Ki koma makaranta idan kin bari, ki ƙarasa idan kina ciki, ki kama sana'a ko da ƙarama ce, ki nemi albarkar iyayenki a kan duk abin da kika sa gaba. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku ilimi mai amfani da abokan zama nagari.